Ƙwayar Almon ta Kaka Bodil

"Lafiya lau, tsohuwa, sai sanyi. Ke fa? Har yanzu kina nan ba ki tafi ba?"

"Jira nake in ga ranar da za ka yi hankali, shi ya sa na daɗe. Cire takalman nan, kada ka zubar min da gishirin gwamnati a ɗaki."

Ni ne Troels, direban motar da ke watsa gishiri a titi idan ƙanƙara ta sauka, don ta narke kada motoci su zame. Makaranta ba ta so ni ba, ni ma ban so ta ba, muka rabu lafiya. Ita kuwa Kaka Bodil ce, wadda ta haifi mahaifiyata. Jajibirin Kirsimeti ne da la'asar, duhu har ya fara rufe garin Lemvig. Shekara uku a jere ban ci abincin wannan rana da dangi ba, kullum waya ce ke ɗauke ni kafin a zauna. Bana ma ina cikin 'yan ko-ta-kwana, motar tana ƙofar gida. Amma na yi wa tsohuwar alkawari zan zauna, don bayan sabuwar shekara za ta koma gidan tsofaffi, inda ba a barin mutum ya kunna murhu. Wannan ce shinkafar madarar Kirsimeti ta ƙarshe da za ta dafa da hannunta. Aike ɗaya tak ta yi min: in sayo almon, ƙwayar nan mai kama da gyaɗa da ake zubawa a cikin shinkafar.

Na same ta a kicin, agwagwa na ƙamshi a cikin tanda, mama da Kawu Preben suna falo suna fama da itacen Kirsimeti. Na ajiye mata leda a gabanta ina hura hanci.

"Ga saƙonki, amaryata. Har aiki na rage miki."

Ta buɗe ledar. Ta duba. Ta ɗora tabarau ta sake dubawa. Sai ta dafe ƙirji ta nemi kujera.

"Troels. Mene ne wannan?"

"Almon mana."

"Dakakke?"

"Yankakke dai. Ai dama yanka shi za ki yi ki zuba. Na ga hannunki yana rawa kamar injin motata da safe, na ce bari in sayo wanda aka gama."

"Na shiga uku! Ina cikakkiyar ƙwayar?"

Sai a nan na tuna. Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san a cikin kwanon shinkafar madara ana ɓoye ƙwaya ɗaya cikakkiya, wanda ya ji ta a bakinsa shi ke da kyautar shekara. Ni da na yi kuka a kanta tun ina ɗan firit, ni ne na manta. Kantuna kuwa duk sun rufe tun rana.

"To... ba ko ɗaya a ciki? Wataƙila wata ta tsere wa injin."

"Tsere wa inji! Almon ɗin ɗan'uwanka ne da zai gudu daga aiki?"

"Ni na taɓa gudun aiki? Aiki ne ya hana ni ganin fuskarki shekara uku, kuma na gode masa."

"Ɗan banza. Shekara sittin ina dafa abin nan. Na dafa shi ranar da wuta ta ɗauke, na dafa shi da cikin uwarka wata tara, ban taɓa rasa ƙwaya ba sai da Allah ya haɗa ni da kai."

"Kwantar da hankali. Kawo gam, in harhaɗa miki guda ɗaya."

"Ka liƙe hanjin kawunka?"

"To gyaɗa fa? Akwai a abincin tsuntsayen da kika rataye a taga."

"Abincin tsuntsu a teburina? Ranar Kirsimeti?"

"To ciro haƙorinki ɗaya na roba mu jefa. Fari ne, girmansu ɗaya, wanda ya tsinta ya ci kyauta biyu."

Ta ɗaga ludayi, na kauce bayan firji. Ina dariya, amma zuciyata ba daɗi. Abu ɗaya matar nan ta roƙe ni a shekara, na zo na ɓata mata shi a girkinta na ƙarshe.

"Kaka, tsakani da Allah, bari in zaga maƙwabta. Gida gida zan bi."

"Ka tona min asiri a unguwa? A ce Bodil tana barar almon? Zauna. Rufe ƙofar nan tukuna."

Na rufe. Ta taka kujera, ina cewa za ta faɗo tana cewa in rufe mata baki, ta lalubo wani ɗan gwangwanin shayi a bayan tulin faranti. Ta buɗe a gabana. Ƙwayoyin almon ne guda uku, cikakku, ɓararru, sun bushe sun yi rawaya.

"Kai! Dama kina da su kika bar ni ina zufa?"

"Zufar ta yi maka kyau."

"Tsaya. Me ya sa uku? Me ya sa suka tsufa haka kamar ke?"

Ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Ta bara. Ta bara waccan. Da ta shekarar da ka fara aikin gishirin nan."

Sai da na zauna a kan kwandon dankali.

"Kaka! Ba ki saka ba?"

"Ban saka ba."

"Shekara uku?"

"In saka wa wa? Kujerarka ba kowa."

"Amma mama ta ce min kowace shekara sai sun cinye kwanon nan tas suna nema! Ta ce bara har sai da mutane suka kwance bel ɗin wando!"

"Sun ci da kyau kam."

"Kawu Preben fa? Shekara uku ana cewa shi ke haɗiye ƙwayar don haɗama! Matarsa ta daina yi masa magana har sabuwar shekara! Bara fa cewa aka yi ya buɗe baki aka haska da tocila!"

"Ni na riƙe tocilar."

"Tabɗijan! Ashe da 'yar fashi muke zaune. Mutumin nan har likita ya je ya tambaya ko maƙogwaronsa ya yi faɗi da yawa!"

"Ai yana da haɗamar. Ban yi masa ƙarya ba, na dai bar shi da halinsa."

"Zan faɗa."

"Faɗa mana. In ce musu kai ka sayo dakakken almon, mu ga wanda za a fara kora."

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara a aljihu. Ban ma duba ba, na san kukan. Na waiwaya taga: dusar ƙanƙara ce ke zubowa kamar ana zazzage buhun gari. Na ɗauka. Shugabar aikinmu ce, ta ce hanyar bakin teku ta fara santsi, mota ɗaya har ta zame, in fito yanzu.

Na kashe wayar. Ban iya kallon tsohuwar ba.

"Kaka..."

"Na ji. Kunnena ne ya tsufa, ba ƙwaƙwalwata ba."

"Zan ce musu ba ni da lafiya."

"Ka bar 'ya'yan mutane su faɗa rami saboda shinkafa? Ban haifi uwarka don ta haifo min maƙaryaci ba. Tafi."

Na sa takalmi jikina a sanyaye, na fita na tayar da mota. Ina share gilashi sai na ji ana dukan ƙofar ɗaya gefen. Na leƙa. Kaka Bodil ce, cikin ƙatuwar rigar sanyin marigayi kakana, da hula har gira, ta rungume kwano a ƙirji, cokali biyu sun leƙo daga aljihu.

"Buɗe, ɗan nema, ka ɗaga ni. Wane marar tausayi ne ya yi matakalar nan?"

"Kin haukace? An hana ɗaukar fasinja!"

"Ni ba fasinja ba ce. Mai duba aiki ce. Harajina ne ya sayi gishirin."

"Agwagwar fa? Baƙinki fa?"

"Uwarka tana da hannu. Na ce musu zan raka mijina aiki, su ci, kada su jira."

Na ciccibo ta na ɗora a kujera, nauyinta bai fi rabin buhun gishiri ba. Muka kama hanyar bakin teku, fitilar saman mota na juyawa, gishiri na fita ta baya, ita kuma tana ɗebo shinkafa tana tura min a baki tana zagin tuƙina. A cokali na huɗu na ji ƙaras! Na ɗauka haƙorina ya tafi.

"Wayyo! Dutse kika saka?"

"Ta bara waccan ce. Tofo in gani, sai da shaida ake ba da kyauta."

Na tofo a tafin hannu. Ta zaro wani ƙunshi daga rigar, takardarsa duk ta koɗe. Safar hannu ce ta ulu, saƙar hannunta, tun shekara uku take naɗe.

Na goge ido, na ce gilashi ne ya yi hazo. Ta ce ƙarya nake, idona ne.

"To na sallama, tsohuwa, kin ci. Amma tsaya. Kin bar musu ƙwaya a babban kwano?"

Ta girgiza gwangwanin shayin a aljihunta, sauran biyun suka yi ƙara.

"Kaka! Kawu Preben fa?"

Ta ƙyalƙyale da dariya har hular ta zame mata.

"Bar shi. Ya saba."