Rasuwar Gashin Afiniki, Matar Kambai Mai Zuba Kwal

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Afiniki matar Kambai, ta barikin ma'aikatan reluwe a Kafanchan, tana sanar da dangi, maƙwabta da 'yan Zumuntar Mata rasuwar gashin kanta, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, cikin watan Yuni na 1956, yana da shekara arba'in da uku a duniya. Don Allah jama'a a saurara da kyau: gashi ne ya rasu. Gashi kawai.

Marigayin dogo ne, baƙi wuluk, in an tsefe shi har kafaɗa yake sauka. Shi ya raka Afiniki ɗakin aure, ya ga haihuwa biyar. Ya ɗauki gammo da tulu daga famfon tasha shekara da shekaru, ya sha ɗaurin zare, ya sha ja a hannun makitsa uku, ɗayarsu ma muguwa ce, amma bai taɓa kai ƙara ba. Ba shi da yawan magana. Abin da aka san shi da shi bai wuce ƙaras-ƙaras ɗin da yake yi ba in mataji ya shige shi ranar Asabar. Ba a faɗin aibin mamaci, amma fa akwai shi da cin lokaci, akwai shan man shanu.

Ciwon ajalinsa ya faro shekara uku da suka wuce, da furfura 'yar kaɗan a gefen kunne. Aka tsige ta, ta dawo da 'yan'uwanta. Sai gaban goshi ya fara ja da baya, kowane kitso kuma ya bar mai shi da ciwon kai na kwana biyu. Ana cikin wannan jinya Angelina, ƙanwar Afiniki da ke koyon aikin nas a Jos, ta zo hutu da ɗan gajeren gashi mai tsaga a gefe, ta wanke abinta da sabulu ta kama gabanta. Afiniki ta yi mako guda tana satar kallon kan nan. Ranar Talata ta kife turmi ta zauna, ta miƙa wa ƙanwarta almakashin ɗinki. Kalaman marigayin na ƙarshe su ne tsat, tsat, tsat, ya zube a tabarma.

Gaskiya ɗaya ce, da ta duba madubi abin ya yi mata kyau. Ta ga wuyanta, ta ga kunnuwanta, iska ta taɓa mata ƙeya. Daɗin nan ne ya ɗebe ta, ta ɗauki bokiti ta nufi famfo ba ɗankwali, wai a gani.

Aka kuwa gani. Emilia maƙwabciyarta, 'yar garin su Kambai, tana hango ta ta saki bokiti, ta ɗora hannu a ka, ta kurma ihu. Ai a wajen mutanensu matar aure ba ta sa ƙarfe a kanta sai in miji ya mutu, kuma Afiniki ta san haka sarai, madubi ne ya mantar da ita. Ga shi Kambai kwanansa shida ke nan a layin Fatakwal yana zuba wa injin jirgi kwal. Kafin Afiniki ta buɗe baki bariki ya cika da kuka, kafin a lallashi bariki wani mai keke ya riga ya kai labari Kagoma, garin nasu Kambai.

Ranar Laraba saƙo ya dawo: uwar Kambai ta aske nata kan ƙwal, ta zauna a ƙasa, ta ƙi abinci. Aka tura mutum da sauri ya gaya mata ɗanta na raye, ado ne kawai irin na zamani. Tsohuwa ta ce to abin ya fi muni, don wadda ta yi askin takaba mijinta yana raye ta kira masa abin da ta kira. Ta ce tana tafe, da ƙafa, za ta zo ta ga ɗanta da idonta.

Tun daga lokacin Afiniki ba ta iya haɗiye tuwo. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Ta yi baftisma tun tana budurwa, ta san almakashi ba ya kisa, Fasto ma ya ce camfi ne, kuma ta yarda da shi muddin tana cikin majami'a. Amma ta san tukunyar injin nan da zafinta, ta san gadojin hanya da damina, kuma duk jirgin da ya yi kuka a tasha sai ta fito bakin ƙofa ta leƙa. Ta gwada manna marigayin da ƙaro a ƙarƙashin ɗankwali. Wayyo, wanda ya tafi ya tafi.

Marigayin ya bar mataji mai karyayyun haƙora uku, da ƙullin baƙin zare, da rabin ƙwaryar mai. Ya bar Hajjo mai tallar nono, wadda ke kawo masa man shanu daga ruga kowace Juma'a, ta ga kan, ta yi salati, ta koma da kayanta. Ya kuma bar 'ya'ya birjik, gajeru, ba wanda ya kai gaɓar yatsa, marayu ne da ba su san abin da suka jawo ba.

An naɗe gawa a tsohon kallabi, tana cikin akwatin ƙarfe. An haƙa kabari bayan madafa, gindin gwaiba. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su ɗaga murya, wanda kuka ya ci ƙarfinsa ya daure ya faɗi wanda yake yi wa. Jana'iza ranar Asabar ce, amma ba a sa lokaci ba. Ana sa ran jirgin Fatakwal da ƙarfe huɗu na yamma. Afiniki za ta kasance a tasha tun azahar, ɗankwali biyu a kanta, surukarta a ɗaya bakin bencin. Ba za a zuba ƙasa ba sai Kambai ya sauko daga inji da ƙafafunsa.

In jirgi ya makara, don Allah kada kowa ya dube ta.