Ƙofar da na bar wa kowa a buɗe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare aikin kammala karatuna a Talata Mafara ba. Manhaja ce na haɗa wa Kawu Sanda, mai fataucin shanu a Bakura, inda shi da abokan sana'arsa ke sanar da juna ranar da za su taso da shanu daga Maradun da hanyar da za su bi. Kowa ya san dalilin da ya sa ba a faɗin wannan a fili a yankinmu.

Na ɗora ta a kan saba ta kyauta, wato ma'ajiyar bayanai ta intanet, irin wadda kowa ke iya duba cikinta ya gyara. Tana zuwa ne da saitin tsaro a kashe, sai kai ka kunna. Na gani. Na ce bari in gama gwaji tukuna. Sai na koma gyaran launi da wakafi (ni ne fa wanda ke ja wa littafin aro layi da rula, don kada ya karkace).

Har Kawu na gayyato. Ya zo da babbar riga, ya zauna a gaba.

Ina cikin bayani, malamin da ke jarraba ni ya ciro wayarsa. Bai tambaye ni kalmar sirri ba, domin babu. Ya shiga shafin kai tsaye ya karanta: "Alhaji Sanda, gobe, ta hanyar gulbi." Sai ya kife wayar.

Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi.

Kawu ya juyo. "Ɗan nan, wa ka iya ganin abin ga?"

"Kowa, Kawu."

"Kowa har na daji?"

Na sunkuyar da kai. Ya fita yana kiran masu korar shanunsa, ina jin yana cewa kada kowa ya motsa gobe. Kasuwar wancan makon ta wuce shi.

A gaban malamin na kunna tsaron. Bai kai tsawon alwala ba. Kawu dai bai sake taɓa manhajar ba, ya koma aika saƙo da baki.

Yanzu ko ɗaki na share, sai na fara duba sakata kafin in gyara labule.