Ranar da na gyara talabijin ɗin surukina

Da ana mayar da jiya, da ban taɓa talabijin ɗin surukina ba. Farkon samun jihar Kebbi ya sayo mai kala a Yelwa, amma hoton dishi-dishi. Ni kuwa na taɓa ganin waya naɗe da maganaɗisu cikin lasifika, don haka na tabbata maganaɗisu na jawo lantarki.

Na ce, "Baba, bari in jawo maka hoton daga Sakkwato."

Na ciro maganaɗisu daga wata tsohuwar lasifika. Ina manna shi a gilashin, fuskar mai karanta labarai ta koma koriya shar. Haka ta zauna.

Surukina ya nisa, ya nuna mai karanta labaran. "Wanga bawan Allah lafiya lau ya shigo gidana."

Har yau, kowa ya kwanta ciwo a gidan, sai a tambaya ko Injiniya, wato ni, ya taɓa shi. Na gaji. Don Allah kada jikokina su ji.