Itatuwa Goma Sha Ɗaya da Suka Raya Kansu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Binciken Dazuzzuka, uban masana, mai kujerar da ke juyawa.

Bayan gaisuwa irin ta tsohuwar da gwiwa ta hana durƙuso, ga kacici-kacici, ranka ya daɗe, ka riƙe shi har ƙarshen takarda: mene ne ke shayar da itace a tsakiyar rani, ba hadari ba, ba kogi ba, ba ya kuma cikin rahotonku mai shafi tamanin?

Ni ce tsohuwar gidan tela, gida na ƙarshe kafin filin gwajinku. Bayan katangarmu akwai itatuwa goma sha ɗaya da yaranka suka buga wa lambar ƙarfe shekara uku da suka wuce. Ni a aji huɗu na tsaya, don haka jikata mai karatun jinya ce ta fassara min rahoton. Kun ce dashe dubu biyu da kuka yi sun mutu, amma goma sha ɗayan nan sun yi shar domin hannun ɗan Adam bai taɓa su ba. Saboda haka ƙarshen watan nan za ku kewaye su da waya, ba ƙofa. Ina taya ku murna. 'Yan koke-koke ne kawai gare ni.

Na ɗaya. Yaranka akwai ladabi. Sukan zo da rana tsaka, su naɗa wa itace awo a ƙugu kamar za su ɗinka masa wando, su sha ruwan randata, su koma mota kafin sanyin cikinta ya gushe. Yallaɓai, wace mai hankali ce ke ban ruwa da rana tsaka? Da sun taɓa zuwa da sassafe, da rahoton bai kai shafi tamanin ba.

Na biyu. Ranar da suka zo da takardar tambayoyi, na shimfiɗa musu tabarma na gyara zama. Suka ce sai maigida. Aka kira ɗana tela, wanda ko tsamiya da magarya ba ya bambantawa sai ya taka ƙaya. Ya ga mota mai tambari, ya tuna ana cin mutane tara, ya rantse musu ba mai zuwa wurin. Ina zaune, da laka har idon sawu. Maganarsa tana shafi na goma sha biyu, har an ja mata layi.

Na uku. Masaninku mai gilashi, wanda nake kira angona ko da yake bai taɓa amsawa ba, ya soka ƙarfe a ƙasa ya ji danshi. Ya rubuta cewa saiwa ce ke janyo ruwa daga can ƙarƙashi. Ilimi ke nan. Amma ashe saiwa tana janyo kumfar sabulu da ɓurɓushin toka? Ya ga an datse ƙananan rassa, ya ce itace ne ke zubar da su. Wane itace ne ke yanka kansa sumul, daidai tsawon hannun gajeriyar mace? Ya ce awaki ba sa son wurin. Gaskiya ne. Akuyar maƙwabciyata, ko tarina ta ji sai ta sake hanya.

Na huɗu. Kan dubu biyunku ba zan ce komai ba. Na dai ga ranar dashen, na ga rumfuna, na ga sabuwar butar ban ruwa da ta yi aiki sau ɗaya, lokacin da mai hoto ya ce a yi murmushi.

Yanzu ga abin da ya sa na ari biron jikata. Mai lamba tara ƙaramar tsamiya ce. Marigayi maigidana ne ya dasa ta a shekarar ƙarshe da ƙafarsa ta kai wurin, ya ce kar in bar ta da ƙishi. Ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Kwana goma ba ruwa a watan zafi, ta tafi.

Ba na neman sunana a rahoto. Ƙofa nake roƙo a jikin wayar, faɗin tsohuwa ɗaya, ni kuwa ba ni da ƙiba. Idan ilimi bai yarda ba, zan yi biyayya. Zan ja tabarmata gindin waya in zauna ina kallo, ku kuma ku samu rahoto na biyu. Wannan ba zai ci muku takarda ba.

Allah ya ƙara wa ofishinka girma, ya ƙara wa angona ƙarfin gilashi.

Taka mai biyayya, a zaune da a tsaye,
Kakar gidan tela.

Af, kacici-kacicin. Bokiti ne, shuɗi, mai ɗinki a gindi. Yana zuwa sau biyu a rana, shekara talatin da ɗaya ke nan.