Moya Hilwa da Tururuwa

Ni haifaffen Yawuri ne, a bakin Kwara na yi wayo. Shi ya sa da surukina injiniya ya ce shi da abokan aikinsa sun sayi ɗan jirgin kamun kifi a Dammam, can bakin tekun Saudiyya, za a sayo famfon wanke dandamalinsa a unguwar Sulay da ke Riyad, na gyara hula na ce a bar wa masu abu abinsu. Mutumin Riyad, inda ko kududdufi babu, me ya sani game da ruwa?

Da muka isa Sulay ni da shi, mai shago ya dube ni ya ce, "Ya hajj, moya hilwa walla bahar?"

To ni Larabcina na allo ne, amma na san hilwa zaƙi ce. Na ce a raina, ruwan sukari a jirgi? Ai tururuwa ce za ta cinye mu. Na buga ƙirji na ce, "Bahar!" Surukina ya buɗe baki, kunya ta rufe masa shi.

Ashe hilwa ruwan daɗi ne kawai, irin na Kwara da na sha tun ina yaro, bahar kuwa ruwan teku ne mai gishiri, shi famfon zai riƙa zuƙowa. Bayan sati uku aka turo hoto: jirgi ya yi fari fat da gishiri, ƙugiyoyi duk sun yi tsatsa.

Surukina ya rufa mini asiri, Allah ya yi masa albarka. Matata Hajiya ce matsalar. Kullum ta kawo shayi sai ta tsaya da cokali a hannu: "Sarkin Ruwa, hilwa za a sa, ko bahar?"