Kaka ta hana a ja mata miji

"…lafiya lau, amarya. Ya gwiwa?"

"Ta fi kanka lafiya. Sannu da zaman banza, maigida."

Ina guga a bakin ƙofar falo Kaka ta shigo tana dogara sanda, ta tarar da ƙanina ya duƙufa a kan kwamfuta. Mai gyaran rediyo ne, sana'ar da ya gada wurin marigayi kakanmu. Yana da wani shafi a intanet, bulog yake ce masa, inda yake ba da labarin tsofaffin rediyoyin da ya farfaɗo da su. Ranar ya yi rubutu a kan wanda ya fara koya masa riƙe sukundireba, saura ya sa hoto.

To ga inda matsalar take. Hoton kakanmu ɗaya ne tak a duniya. Na takardar, yoyon rufi ya cinye shi, Allah ya so ƙanina ya riga ya kwafe shi a kwamfuta. Tun daga nan Kaka kan zo ta ce a buɗe mata, ta kalla, ta zagi mai kwamfutar, ta koma ɗakinta.

Ya yi mata bayani cewa abu ne mai sauƙi: a ɗora 'yar kibiyar nan a kan hoton, a danne maus, wato linzamin kwamfuta, a jawo shi cikin rubutun, a saki. Shi ke nan, duk duniya ta gani. Kaka ta ga hoton ya fara motsi daga mazauninsa, sai kawai ta sauke masa sanda a kan yatsu.

"Ina za ka kai min shi?"

"Cikin shafi. Mutane su ga wanda na ƙwace wa mata."

"Kai ɗin? Da wannan wuyan kamar mariƙin ludayi? Mutumin da ya yi zamaninsa ba wanda ya taɓa jan rigarsa, yau kai za ka ja shi a ƙasa kamar buhun gawayi?"

"Ai ba shi da nauyi. Ke kika ramar da shi da mita."

"Ni na ƙosar da shi. Kai ne aka haifa a rame, ungozoma ta ɗauka igiyar cibiya ce ta kusa zubar da kai."

Dariya ta sa na kusa ƙona wuyan riga. Amma da na ɗago na ga ta kafa wa hoton ido ko ƙiftawa ba ta yi. Tsoro take ji na gaske. A ganinta abin da aka ɗauke daga wuri ya bar wurin ke nan. In hoton ya shiga duniya, wa zai bi duniya ya karɓo mata? Shi ko gogan bai lura ba, yana ta rantsuwa cewa ba inda hoton zai je. Ta ce rantsuwarsa da kukan ƙofa duk ɗaya ne a kunnenta, ba shi ne ya yi rantsuwa zai gyara mata rediyo ya dawo mata da shi yana tari ba?

Na harare shi, ya gane. Ya ce to a gwada da hoton kansa. Ya ja, ya saki, ga shi a shafi, ga shi kuma a inda yake.

"Kai ai ko an yar da kai dawowa kake," in ji Kaka. "Mutumin kirki ne ba ya dawowa."

Can ta ce ya tashi ya ba ta kujera. In dai sai an kai mijinta, ita za ta kai shi da hannunta.

Ta kama maus kamar mai tatsar akuya. Ta fara ja, yatsa ya kuɓuce a tsakiyar hanya, hoton ya koma mazauninsa da gudu.

"Kin gani? Gudunki yake."

"Kunya yake ji, marar kunya. Rufe min baki."

Ta sake dannewa, ta taho da shi a hankali tana cewa "Sannu, Malam, bi a sannu," har cikin rubutun, ta rufe ido ta saki. Da ta buɗe sai ga shi ya cika allo, da hularsa a karkace da rediyo a cinya, girman da ba ta taɓa ganinsa ba. Ta yi maza ta duba gefe. Yana nan.

Ta sake ja ta saki. Ta sake. Ƙanina ya ce hoto ɗaya ake sawa, za ta lalata masa shafi, masu karatu za su ce ya zautu.

"Da ma sun sani. Ina ta lallaɓa guda ɗaya kada ya ɓace min, ashe ba ya ƙarewa, kuka zauna kuna kallona?"

Ya buɗe baki zai rama, sai ya fashe da dariya yana goge ido da bayan hannu.

"Na sallama, amarya. Kujerar taki ce. Matsa ƙasa kaɗan, akwai sauran fili."