Jirgin da Na Gyara Don Korar Tsuntsaye

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na yi wa dattawan garinmu alƙawarin jirgin sama ba. Ni malamin makarantar allo ne a wani ƙauye na ƙasar Kibiya, ɗalibaina kuma duk 'ya'yan maƙwabta ne, su zo da sassafe, su koma gida da hantsi. Karatu yakan tafi lafiya har zuwa lokacin da shinkafa ta fitar da kai. Daga nan sai tsuntsayen jan-baki su sauko fadama, iyaye kuma su kwashe mini yara kaf, a tura su kora. Yaron da ya kai Tabaraka kafin a tafi, bayan girbi sai ya dawo mini yana tuntuɓe a Amma.

Na yi wa'azi, na yi lallashi, har fushi na gwada. Alhaji Isiyaku, wanda ya fi kowa faɗin gona da yawan 'ya'ya a garin, shi ya ba ni amsa a ƙofar masallaci.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, mu ma muna son karatun nan. Amma tsuntsu ba ya jin wa'azi. Ka samo mana mai korarsa, ka kwashi yaranka."

To, a Babbar Sallah ta wannan shekara ƙanena Sabi'u, mai sayar da kayan waya a Kano, ya kawo wa 'ya'yana tsaraba: ɗan jirgi mai saukar ungulu, tsawonsa bai kai kamu ba, da rimot ɗinsa mai 'yan sanduna biyu. (Yaran sun taɓa shi ranar da aka kawo. Daga nan na karɓa na ce zan adana musu don kada ya lalace.) Ranar da na fara tayar da shi a tsakar gida, kajin maiɗakina suka ɗauka shirwa ce, suka watse, wata har cikin madafa. Ina tsaye da rimot a hannu sai na ji wani tunani ya sauko mini. A lokacin na ɗauka ilhama ce.

Washegari na faɗa wa dattawa cewa bana ba yaron da zai je kora, domin jirgi zai yi aikin. Ban ce in sha Allahu da ƙarfi yadda ya kamata ba. Na dai faɗa, amma can ƙasa-ƙasa, kamar wanda ya riga ya gama shirinsa.

Sai dai jirgin yana da rauni. Batirinsa yakan ƙare kafin mutum ya idar da alwala, kuma iska kaɗan in ta taso sai ta kai shi bayan katanga. Na kira Sabi'u na yi masa bayani. Ya ce akwai batir babba, akwai inji mai ƙarfi, akwai farfela doguwa, duk ana samu. Na ce ya aiko su gaba ɗaya. Direban motar da ke zuwa kasuwar Rano ya kawo mini su a cikin leda, na karɓa da hannu biyu.

Nan aiki ya fara. Kullum bayan na tashi yara sai in shimfiɗa buzu a zaure, in kwance jirgi da ɗan sukurdireba. Da na ɗora babban batir, sai jirgin ya riƙa tashi da wutsiya a ƙasa, hanci a sama, kamar mai girman kai. Na ɗaure masa ƙaramin kwaɗon akwati a gaba da igiyar roba, ya daidaita. Da na sa doguwar farfela, sai ya kama karkarwa kamar mai masassara. Na lura fiffike ɗaya ya fi ɗaya nauyi, na liƙa wa mara nauyin salatif kaɗan-kaɗan har karkarwar ta tsaya. Akwai wasu 'yan maɓallai a jikin rimot na daidaita karkata, su ma na bi su a hankali, ina dannawa ina dubawa, har jirgin ya iya tsayawa cak a iska daidai ƙuguna. Rubutun jikin rimot ɗin kuwa ba na karanta shi, don haka na yanka 'yan takardu na rubuta da ajami, da alƙalamina na kara da tawada: sama, ƙasa, gaba, baya, dama, hagu. Na manna kowace a wurinta. Rubutun ya yi kyau ƙwarai, wannan kam ba mai musu.

Abu ɗaya ne ban taɓa ba, wato 'yar ƙaramar farfelar da ke wutsiya. Na gan ta ƙarama, na ɗauka ado ce. Ashe ita ce ke riƙe jirgin kada ya juya in babbar tana gudu. Na ƙara wa babba ƙarfi, na bar ƙarama da ƙarfinta na da. A tsakar gida ban gane ba, domin ban taɓa tura sandar har ƙarshe ba, kuma kullum ina bayan jirgin, shi yana kallon inda nake kallo, kamar liman da mamu.

Maiɗakina ta leƙo wata rana ta tarar ina ɗaura wa ƙafafunsa gwangwanayen madara biyu da tsakuwa a ciki, don ya riƙa kwaramniya a sama.

Ta ce, "Malam, wai wannan na yara ne ko na gari?"

Na ce, "Na addini ne."

Ta ce, "Allah ya ba da lada," ta saki labule. (Har yau ban tabbatar da abin da take nufi ba.)

Ranar gwaji, bayan sallar la'asar, aka ɗunguma zuwa fadamar Alhaji Isiyaku. Ban gayyaci kowa ba sai dattawa, amma labari ya kai har garin Kahu, wasu suka zo a kan babur. Na sa farar babbar rigata ta Juma'a. Tsuntsaye sun cika gonar, kan shinkafa sai lanƙwasa yake saboda nauyinsu. Alhaji ya ce wa yara su saki igiyoyin gwangwanin da suke ja don korar tsuntsu, su ajiye majajjawa, kowa ya yi shiru. Baba Tanko, wani tsoho da ba ya ɓoye abin da ke ransa, ya dubi jirgin a ƙasa ya ce, "Wannan ne? Ai na ɗauka za a hau."

Na ajiye jirgin a kan tudun da ya raba fangali da fangali, na ja baya, na yi basmala, na tura sandar sama. Ya yi ƙugi, ya girgiza, amma nauyin gwangwani ya riƙe shi. Na ƙara. Ya ɗaga kaɗan. Sai na tura har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba.

Ya tashi kuwa. Jama'a suka yi kabbara. Ya haura sama da kan mutum, gwangwanaye na kwaramniya. Tsuntsayen da ke kusa suka ɗaga kai suka dube shi, suka matsa zuwa fangali na gaba, suka ci gaba da cin abincinsu.

A nan ne jirgin ya juya a hankali, a hankali, har ya fuskance ni. Sai a ranar na lura 'yan fitilu biyu ja da ke goshinsa sun yi kama da idanu. Ban razana ba. Na duba rubutuna, na ga inda na rubuta gaba, na tura domin ya tafi wajen tsuntsaye. Ya taho wajena. Na ce ko ban tura da kyau ba, na ƙara turawa. Ya ƙara tahowa. Na tura dama, ya yi hagu, Alhaji Isiyaku ya sunkuya hularsa ta faɗi. Ashe gaban jirgi ba gabana ba ne, gabansa ne, kuma a wannan lokacin gabansa ni ne.

Na so in tsaya in yi tunani, amma ƙafafuna ba su nemi shawarata ba. Na juya na faɗa cikin shinkafa. Kuma saboda riƙon da na yi wa rimot, babban yatsana yana nan danne a kan gaba, ni ina gudu a miƙe, shi yana bina a miƙe. Da na kauce gefe da shi ke nan, amma wannan dabarar sai bayan kwanaki ta zo mini. Ina jin tsakuwa tana kaɗawa a ƙeyata. Da farko salati nake yi. Da salatin ya ƙare mini a baki, sai na ji kaina ina cewa, "Hai! Hai! Tafi can! Hai!" da muryar da nake tayar da yaron da ya yi barci a kan allo, hannayen babbar riga suna filfilawa hagu da dama.

Gonar gaba ɗaya ta tashi. Ban taɓa ganin tsuntsu da yawa haka a sama ba. Suka yi baƙi ƙirin, suka tsallake rafi, ba wanda ya waiwayo. Ni kuma ƙafata ta nutse a laka, na kife a kan rimot, jirgin ya wuce ta saman kaina ya soke hancinsa a taɓo.

Yarana suna tsaye a gefe, kowa ya cusa bakin riga a baki, kafaɗu na rawa. Na miƙe, laka har gemu, takalmi ɗaya ya tafi ba sallama.

Baba Tanko ya dubi sama, ya dubi gona, ya ce, "Wallahi tun da nake noma ban taɓa ganin an kore su tas irin wannan ba."

Alhaji Isiyaku ya kaɗe hularsa ya ce, "Allah gafarta Malam, don mu fahimta, jirgin ne ya kore su ko kai?"

Na ce, "Aikin haɗin gwiwa ne."

Ya ce, "To, jirgin dai ba mu gamsu da shi ba. Yara ba za su bar gona ba. Amma tunda Allah ya ba ka murya, ga rumfa nan a bakin fadama. Ka kawo allunan nan. Su yi karatu, hannu ɗaya a kan igiya."

Mutumin da ke tsaye da takalmi ɗaya ba ya jayayya. Na ce na amince.

Haka muka yi har aka yanke shinkafa. Yara suna biya karatu da ƙarfi a rumfa, suna jan igiya, ni ina gyara musu. Na sha jaddada musu cewa niyyarmu karatu ce, abin da tsuntsu ya ga dama ya yi da jin muryarmu kuwa, tsakaninsa da Mahaliccinsa. A shekarar ba wanda ya koma baya, biyu ma sun shiga sabon izu.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya ƙara wa abu ƙarfi, ya fara sanin abin da zai yi in abin ya juyo ya kalle shi. Kuma kada ya yi gwaji a gaban mutanen da zai ci gaba da gaisawa da su sau biyar a rana. Har yanzu in shinkafa ta fitar da kai, akan aiko daga ƙauyukan kusa a tambaya cikin ladabi ko Malam zai samu sukuni ya zo da babbar rigarsa. Ba wanda ya taɓa tambayar jirgin.